Aljihu na Uku

Duk layin an san shagon Bahaguwa, an kuma san bakinta. Da hagu take yanka, da hagu take riƙe allura, shi ya sa sunan ya bi ta tun tana budurwa har ta aurar da 'ya'ya mata biyu. Shekara tara ke nan ita ke ɗinka yunifom ɗin sakandaren da ke bayan tasha. In yaro ya shigo, kafin ta ɗauko tef ta riga ta faɗi ƙugunsa, kuma da wuya ta kuskure da rabin inci. Ba ta ɓoye wannan baiwa tata. In ka yaba, sai ta ce ai ba ka ga komai ba tukuna.

Wata Laraba da hantsi tana tsakiyar yanka, sai ga malamin tarbiyya na makarantar ya yi sallama da leda a hannu. Ya zauna a bencin masu jira, ya waiga ƙofa, sannan ya fiddo wandon makaranta.

“Anti, idonki na zo aro,” in ji shi. “Duba mini ƙugun nan.”

Ta bi ƙugun da babban yatsa. Ta ciki, daidai inda bel ke kwanciya, akwai wani ɗan baki da bai wuce yatsa biyu ba. Ta zura. Aljihu ne siriri, a kwance cikin ƙugun, in an ɗaura bel ko ka laluba ba za ka ji shi ba.

“Jiya muka samu ƙullin wiwi uku a ciki,” in ji malamin. “Wata biyu muna caje yaran nan a bakin get, mu juye aljihu, mu zazzage jaka, ba komai. Amma ki je bayan ajujuwa ki ji ƙauri. Shi ma mai wandon nan don bel ɗinsa ya tsinke ne asiri ya tonu, kuma ya ƙi faɗin wanda ya ɗinka masa. Wandon aikinki ne, amma na san ba ke kika ƙara wannan ba. Ke kika san telolin gari. Wa zai iya irin wannan?”

Tambayar ta yi mata daɗi, ba ƙarya. Ta gyara tabarau ta ce, “Kowane tela da hannunsa, Malam, kamar rubutu ne. Bari in karanta maka shi.”

Ta juya wandon. Abu na farko da ta gani, aikin ya yi kyau, ɗinkin hannu ne ƙanana a jere, ba na keke ba. Na biyu, ɗinkin ya kwanta ne ta hagu. Na uku kuwa shi ya tsayar da ita. Ƙyallen da aka yi aljihun da shi ruwan ƙasa ne mai 'yan ganyaye rawaya, ragowar labulen falonta, wanda ta cusa a buhun ƙyallaye ƙarƙashin teburin nan da take tsaye a kai. A ƙarshen ɗinkin an koma baya sau uku, an binne bakin zaren a ciki, yadda ita take yi.

Mutum biyu ne a duniya suke ɗinki haka. Ita, sai Auta, ɗanta namiji tilo, ɗan shekara goma sha biyar. Da hannun dama yake ci, da dama yake rubutu, amma allura da hagu yake riƙe ta, don a gefenta ya koya tun yana ɗan shekara bakwai. Da wani ne, da ya samo ƙyallen banza ya yi ɗinkin ganganci. Shi ɗan gidan ne, hannunsa ba zai bari ya bar bakin zare a waje ba.

Fuskarta ba ta nuna komai ba. Wadda ta taɓa lalata yadin amarya a gaban uwar amarya ta ci gaba da hira, ba wannan ne zai sa ta rawar baki ba.

“Bar mini shi,” ta ce. “Ranar Litinin zan kawo maka telan da kaina.”

“Kin gane shi ke nan?”

“Na gane shi.”

Yana fita ta ja ƙofa ta nufi shagon maigidanta, shago uku a tsakani. Gyaran firji yake yi, 'yan layi suna ce masa Injiniya. Ta same shi a tsugune bayan wani tsohon firji, ta miƙa masa wandon, ta gaya masa komai a tsaye. Mutum ne mai haƙuri, amma irin haƙurin nan da in ya ƙare sai an riƙe shi. Ya miƙe da sukundireba a hannunsa.

“Yau sai na karya yaron nan.”

“Ka karya shi, sai wa ya ɗinke maka?”

“To gobe ya tattara ya koma wurin Yaya. Ya yi nisa da yaran nan.”

“Can wurin Yaya ba a sayar da wiwi? Ko can ba samari?”

Ya yi ta huci. Can ya sassauta murya ya ce, “Malamin bai sani ba. Ki ce kin duba ba ki gane ba. Mu gyara ɗanmu a gida.”

Wannan shawarar ita ma ta zo mata a hanya, tsakanin shagonta da nasa, kuma ta yi mata daɗi na ɗan lokaci. Amma ta girgiza kai.

“Wanduna nawa ke yawo da aljihun nan, Baban Auta? 'Ya'yan mutane ne a ciki, ni na auna su ɗaya bayan ɗaya. Kuma in ya ga mun ɓoye masa wannan, ai mun nuna masa ɓuya aiki ne mai kyau. Ka riƙe hannunka, ka bar ni in fara. In na kasa, ga ka ga shi.”

“Ke dai ba ki taɓa yarda za ki kasa ba.”

“Ban saba ba ne.”

Da la'asar Auta ya dawo daga makaranta, ya leƙo shagon ya gaishe ta daga bakin ƙofa kamar kullum. Yau ta dube shi da kyau. Idon nan da ya ɗan kaɗa, alewar mintin da ba ta rabuwa da bakinsa, turaren da yake zubawa kamar ya samu a banza, duk ta gani tun makonni. Ta ɗauka wata yarinya ce ta shigo masa rai, har tana yi masa dariya a zuci. Ji wauta, ita da take taƙamar ido.

“Shigo in auna ka.”

Ya yi 'yar dariya. “Ni kuma, Mama?”

“Kai ba mutum ba ne? Ɗaga hannu.”

Ta zagaya tef a ƙugunsa, ta ji cikinsa ya ƙame. Ta kwance bel ɗin da kanta, ta bi da yatsa, ga bakin aljihun a inda ta zata. Ta zaro guntun naɗin wiwi, an sha rabi, ta ajiye a kan tebur kusa da wandon da malam ya kawo. Auta ya dubi wandon, ya dubi naɗin, ya sunkuyar da kai.

Ta durƙusa don ta kai tef ɗin ƙasa, don ita in ta fara awo sai ta gama. A nan ta ga ƙafar wandon. An saki kalmasar har ƙarshe, an ƙara wani ƙyalle ta ciki don tsawon ya kai. Shi ma ɗinkin hagu ne. Wandon kuwa na shekara biyu da suka wuce ne, ta tuna ranar da ta yanka shi.

“Wa ya sake maka ƙafar nan?”

“Ni.”

“Yaushe?”

“Farkon zango. Sau uku na gaya miki ya ɗage, kika ce in bari ki gama na mutane.”

Haka ta ce, ba ta musa ba. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji a gaban kwastoma ba. Ta zauna a kujerar keke ta ce ya faɗa mata daga farko.

Ya faɗa, yana kallon ƙasa. A makaranta Ɗangale suke ce masa, ɗan mai ɗinki da ɗangalen wando. Da ya gaji sai ya gyara abinsa. Kyaftin ɗin ƙwallon makaranta, wanda kowa ke son ya zauna kusa da shi, ya lura da gyaran, ya tambaye shi ko zai iya aljihun da ba a gani. Ya yi masa. Washegari aka matsa masa wuri a bencinsu, aka daina Ɗangale, aka sa shi a ƙwallo. Daga nan wanduna suka yi ta zuwa, ranar Asabar, lokacin da take tafiya kasuwa sayen zare. Goma sha ɗaya ya yi, har da nasa. Sai wata rana Kyaftin ya ce ba su yarda da mutumin da ya san sirrinsu amma ba ya sha ba.

“Ranar farko har amai na yi,” in ji shi.

“Yanzu fa? Kana so?”

“In ban sha ba kaina ba ya zama, Mama.”

Wannan maganar ta fi naɗin da ke kan tebur tsorata ta. Ta ɗaga kai ta ga Injiniya a bakin ƙofa, bai san ma yana riƙe da sukundirebar ba har yanzu. Ya shigo ya zauna a benci.

“Da niyyar dukanka na zo,” ya ce wa ɗan. “Mamanka ta hana, kuma yanzu da na ji ka, na fasa da kaina. Gobe da safe zan kai ka asibiti, akwai masu duba irin wannan. Makaranta ni zan riƙa kai ka, ni zan ɗauko ka. Kar ka ɗauka wasa nake.”

“Ranar Litinin kuma ni da kai za mu je gaban malam,” in ji Bahaguwa.

Auta ya ɗago a firgice. “Mama, za su ce na yi munafunci. Ba wanda zai sake kula ni.”

“Ba sunan kowa na tambaye ka ba. Naka za ka faɗa. Abin da hannunka ya ɗinka kuma, hannunka zai farke.”

“Ranar Asabar Kyaftin zai zo da wanduna biyu,” ya ce a hankali.

Injiniya ya miƙe. “Madalla. Ni zan tarbe shi.”

“Zauna, Baban Auta. In mu muka kore shi, ranar da ba ma nan zai dawo. Daga bakin wannan zai ji.”

“Ba zan iya ba, Mama. Ba ki san shi ba.”

“Ni ban san shi ba? Ƙugu talatin, kafaɗa sha bakwai. Yana ɗan aji ɗaya na fara auna shi, majina har baki, uwarsa na sharce masa da gefen mayafi. Za ka iya. Ni da babanka muna bayan labulen gwaji, ba za mu fito ba sai in an kai hannu.”

Ranar Asabar ba ta je kasuwa ba. Wurin gwajin kaya na mutum ɗaya ne, ga Injiniya ba ƙaramin mutum ba, haka suka matsu a ciki, gwiwar hannunsa a haƙarƙarinta. Ta ɗan buɗa labulen daidai ido ɗaya. Auta na tsaye bayan teburin yanka, yana jera zaren da ba ya buƙatar jeri.

Kyaftin ya shigo ba sallama, ya jefa leda a tebur. Dogo ne, kyakkyawa, yana tafiya kamar shagon nasa ne. Ita dai abin da ta gani yaro ne ɗan shekara sha bakwai da maɓallin rigarsa ɗaya ya fita.

“Tela, ga biyu. Ka matsar da bakin ta baya kaɗan, sun gane na gaba.”

“Na daina,” in ji Auta. Muryar ta fito siririya, da ƙyar ta kai labule.

“Ka me?”

“Na daina ɗinkin. Shan ma na daina.”

Kyaftin ya yi dariya ya zauna a gefen tebur, kan yadin mutane. Bahaguwa ta cije leɓe.

“Don an kama wancan sakaran ka tsorata? Ai bai faɗi sunanka ba. Mu ba ma yar da namu.” Ya sassauta murya. “Ka tuna lokacin da kake cin abinci kai kaɗai a bayan aji? Wa ya kira ka? In ka fita, ba ƙwallo, ba benci. Ɗangale za ka koma, kuma wannan karon ba mai ɗago ka.”

Kyaftin ya zura yatsa a ƙugu, ya zaro sabon naɗi, ya mirgina masa shi a kan tebur.

“Kwana biyu ba ka ja ba, shi ya sa kake maganar banza. Riƙe wannan, kyauta. Kanka zai dawo.”

Naɗin ya tsaya a jikin almakashinta. Ta ga idon ɗanta a kansa. Kwana biyun nan bai yi barcin kirki ba, ta sani. Injiniya ya yunƙura, ta damƙe wuyan hannunsa da hagunta, hannun da ya shekara talatin yana matsa almakashi. Bai ƙara motsi ba. Ita kanta so take ta fita, amma ta riga ta ce zai iya, kuma ba za ta ƙaryata kanta a gabansa ba.

Auta ya miƙa hannu. Ba naɗin ya ɗauka ba, almakashin ya ɗauka, babban almakashinta na hagu wanda ko takarda ba ta yarda a yanka da shi. Ya datsa naɗin gida biyu, ya sake datsawa, ya sake, sannan ya share da gefen hannu cikin kwandon shara. Ya tura ledar wandunan gaban Kyaftin.

“Ɗauki kayanka.”

Kyaftin ya tsaya yana kallonsa, yana jiran ya yi dariya ya ce wasa ne. Da bai yi ba, ya fizgi ledar.

“Ɗan Mama kawai,” ya ce, ya fita.

Auta ya zame ya zauna a ƙasa. Bahaguwa ta yaye labule ta fito, ta ɗauki almakashin ta duba bakinsa a haske.

“Duk rezar da ke shagon nan, sai almakashina za ka yanka ƙazanta da shi?”

Ya fashe da dariya, dariyar ta juye kuka. Uban ya tsuguna ya dafa ƙeyarsa, ya bar hannun a wurin har ya lafa.

Ranar Litinin ta shiga ofishin malamin tarbiyya da Auta a gaba, ta ce, “Malam, ga telan.” Malamin ya cire tabarau ya mayar. Auta ya faɗi nasa da bakinsa, bai ambaci kowa ba. Aka dakatar da shi mako biyu. Bahaguwa ta ce a rubuta wa iyaye, kowa ya bi ƙugun wandon ɗansa da yatsa, wanda ya ji baki ya kawo shagonta. Malamin ya ce ba lalle a bar mata ɗinkin yunifom na baɗi ba. Ta ce a yi yadda aka ga dama, allurarta ba ta taɓa kwana da yunwa ba.

Wandunan suka zo, wasu a leda, wasu a hannun iyaye mata da ransu ya ɓaci. Wata ta tsaya a bakin shago ta zage ta tas, Bahaguwa ta bari ta gama, sannan ta ce, “Kin yi gaskiya a rabi. Shigo ki zauna mu yi maganar ɗaya rabin.” Auta na gefe da reza yana farke aikinsa zare bayan zare. Na Kyaftin ne ya zo a ƙarshe, uwarsa ta kawo da idanu a kumbure, ta ajiye ta juya.

Makonnin ba su yi daɗi ba, kar wani ya yi maka ƙarya. Auta ya yi ta fushi ba dalili, abinci ya ƙi shiga, ma'aikaciyar asibitin ta ce haka abin yake, a yi haƙuri a riƙa zuwa. Da ya koma makaranta kwana huɗu ba wanda ya yi masa magana, a na biyar wani yaro daga cikin masu aljihun ya zo ya zauna kusa da shi da kwanon abincinsa. Ita kuwa har yanzu in za ta wanke rigarsa sai ta kai hanci, kuma ba ta ɓoye masa tana yi.

Wata Asabar ta ajiye aikin mutane gefe, ta ɗauko sabon yadi, ta ce ya miƙe. Inci uku ya ƙaru ba ta sani ba. Ta yanka, ta haɗa ƙafafun a keke, sannan ta tura masa sauran.

“Ƙugu da aljihu naka ne. Ni zan je kasuwa sayen zare.”

Ta je, ta kuma daɗe da gangan. Da ta dawo ya gama. Bai jira ta tambaya ba, ya juya wandon ciki waje ya shimfiɗa mata a tebur.

“Ban ce ka nuna mini ba,” ta ce.

“Na sani.”

Duk da haka ta bi ƙugun da babban yatsa, daga maɓalli har ta zagayo maɓalli. Aljihu biyu ne, dama da hagu, kamar na kowa. Ta koma kan kalmasar ƙafa, ta daɗe tana dubawa.

“Wannan ta karkace. Farke ka sake.”

Kalmasar ba ta karkace ba, shi ma ya sani. Ya jawo kujera kusa da tata, ya ɗauki allura da hagu, ita kuma ta matsar masa da zaren.